Baba Mai Tsani a Saman Bene

Wata goma sha huɗu ke nan rabon Baba Mai Tsani da taka ƙasa. Ba simintin ɗaki nake nufi ba, wannan kam kullum sai ya goge shi da jikinsa idan ya zamo daga katifa zai hau fo. Ƙasa nake nufi ta Allah, wadda kaza ke tonawa. Ranar da aka sallamo shi daga asibiti, ɓarin jikinsa na hagu a shanye, ƙarti huɗu ne suka kinkime shi suka haye da shi saman bene, aka ce na kwana biyu ne kafin fentin ɗakinsa ya bushe. Fenti ya bushe har ya fara ɓarewa, maganar saukowa kuwa shiru, kamar an aiki bawa garinsu.

Gidan fa nasa ne, shi ya gina abinsa. Ɗakinsa a ƙasa yake, dab da ƙofar shigowa, duk wanda ya yi sallama shi ne ke fara amsawa. Yana kwance a asibiti babban ɗansa ya sami ƙarin girma, ya zama mataimakin shugaban ofishin 'yan kwana-kwana na unguwar, ofishin da shi Baban ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa musu motar tsani. To, mai muƙami ai sai da baƙi, baƙi kuwa sai da wurin zama. Aka fitar da gadon tsoho, aka shimfiɗa tayil, aka jera kujeru masu laushi, aka saki labule har ƙasa. Matar ɗan ta raɗa wa wurin suna falon baƙi.

Ɗakin sama taga ɗaya gare shi, kuma tana kallon harabar ofishin, tsallaken titi kawai. Idan Baba ya ja jiki ya kama ƙarfen tagar da hannunsa mai rai, yana ganin komai: layin da ake fareti, dogon benen da ake atisaye a kansa, da tsohuwar motarsa a ƙarƙashin rumfar kwano, jan fentinta ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Can yake yini.

Ciwon ya taɓa masa harshe. Maganar tana nan daram a cikin kansa, amma kafin ta fito sai ta yi ta tuntuɓe, kuma mutanen gidan ba su da haƙurin jira. Da ya fara sai wani ya ƙarasa masa da abin da ya fi yi wa shi mai ƙarasawar daɗi.

Kullum da safe ɗan yakan hawo cikin kakin aiki, guga kamar ta yanki hannu, ya tsaya daga bakin ƙofa. Ba ya shigowa ciki sosai.

"Baba, an tashi lafiya? Ya ƙarfin jikin?"

"Ƙa... ƙasa," in ji tsohon. "A sau... sauke ni."

"Baba ke nan. Ai nan ya fi maka iska. Ƙasa zafi, ga sauro, ga hayaniyar masu shiga da fita. Likita hutu ya ce ka samu."

Likita bai ce haka ba. Cewa ya yi a riƙa kama shi yana takawa a tsakar gida safe da yamma, a kuma riƙa kawo shi asibiti gashin ƙashi duk bayan mako biyu, in ba haka ba ƙafar za ta sandare. Baba yana kwance aka faɗa, kunnensa ras. Ba a taɓa kai shi ba ko sau ɗaya.

Wata rana ya tattara iya ƙarfinsa ya haɗa magana mai tsawo. Ya ce shi da bakinsa ya yi shekaru yana bi gida-gida yana faɗa wa mutane: wanda ba ya iya tafiya da ƙafarsa ba a ajiye shi a sama. Ya ce ya sha fito da gawar irinsu ta taga. Sai da gumi ya keto masa kafin ya kai ƙarshe.

Ɗan ya yi dariya, irin dariyar da ake yi wa ƙaramin yaro idan ya faɗi abin manya.

"Haba Baba, wannan ai na gidajen mutane ne. Nan fa gidan 'yan kwana-kwana ne. Ga motar tsani can kana kallonta. Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru, minti biyu tana bakin tagarka. Wa ya kai ka tsaro a garin nan?"

"Kai... ka ɗau..."

"Na ɗauke ka? Wallahi Baba da bayan nan nawa lafiya ne da tuni an wuce wurin. Ka san matakalar nan yadda ta miƙe, ga ta tsukuku. In muka faɗo tare fa? Bari dai bayan ya yi sauƙi."

Ya dafa ƙugu, ya ɗan yamutsa fuska, ya duba agogo. Ya sauka da sauri, bibbiyu yake tsallake matakalar.

Da farko sau uku ake hawo da abinci. Daga baya matar ɗan ta ce gwiwarta ta fara ciwo saboda hawa da sauka, ta haɗe na rana da na yamma a kwano ɗaya. Fo kuwa sai ya yini bai ga ruwa ba. Ba muguwar mace ba ce irin wadda ake nunawa da yatsa, a'a, tana gaishe shi har da rusunawa, tana ce masa Baba. Sai dai numfashinta a riƙe take shigowa, a riƙe take fita, kuma ta fi kowa iya ƙarasa masa magana.

"Ina so..."

"Kana so ka kwanta ko? To Baba, huta abinka." Ta ja ƙofa.

Ƙafar ta sandare kamar yadda likita ya faɗa. Wani ɗan ƙurji ya fito masa a kwankwaso, wajen da yake kwanciya a kai, ya fashe, ya zama gyambo. Aka sayo hoda ana barbaɗa masa. Batirin rediyonsa ya mutu, aka ce za a sayo, aka manta. Abokansa na aiki sukan zo, yana jin sallamarsu daga sama, yana gane muryar kowa, yana kuma jin amsar da ake ba su: "Ayya, yanzun nan barci ya ɗauke shi. Za a faɗa masa kun zo." Tun yana buga kwano da cokali don su ji, har ya daina, domin ranar da ya buga sai aka sauya masa kwanon da na roba. Su ma abokan suka gaji suka ɗauke ƙafa.

Ba ya kuka, kada a ce na ƙara gishiri. A watannin farko ya yi fushi, ya yi ta yi har fushin ya ƙare. Yanzu ba ya jin komai. Yakan kalli gyambon kamar a jikin wani yake. Abu ɗaya ne ya rage masa wanda bai mutu ba, shi ne son a sauke shi.

Ana nan sai ya lura an daina wanke tsohuwar motar. Ranar Litinin ba a tayar da ita ba, ba a miƙe tsanin an shafa masa man giris ba, alhali tun zamaninsa ba a taɓa fashin haka ba. Bayan kwana biyu aka turo ta daga ƙarƙashin rumfar aka jingine ta jikin katanga, cikin rana. Aka kwashe mesa da gatura da fitilun da ke jikinta. Masu fenti suka zo suka hau rumfar.

Wanda ya kawo masa bayani Makanike ne, tsohon abokinsa da suka yi shekaru suna kwanciya ƙarƙashin motar nan tare. Shi Makanike ba ya jin "yana barci". Da aka faɗa masa sai ya ce, "To in gan shi yana barcin," ya ratse matar gidan ya kama matakala, yana hawa yana tsine wa gwiwoyinsa.

Da ya turo ƙofa sai ya tsaya cak. Ya dubi katifar, ya dubi fo, ya dubi abokinsa. Ya zauna a ƙasa.

"Kai, Mai Tsani! Haka ka koma? Da na san rama ake yi a nan da na turo matata ta yi wata guda."

Bakin Baba ya karkace, dariyarsa ke nan yanzu. Ya nuna taga.

"Budurwarka? An yi mata ritaya, ɗan'uwa. An sayo sabuwa, doguwa, mai kwando a ƙarshen tsanin, da maɓalli ake sarrafa ta kamar talabijin. Ranar Alhamis za a yi bikin karɓarta. Ana gamawa masu sayen ƙarfe za su ja tsohuwar su yanka." Ya tsaya ya dube shi. "Wai ba ka sani ba? Shugaba da kansa ya ce kai za ka zauna a gaba, kai za ka miƙa wa sabon direba makulli. An rubuta takarda an ba ɗanka yau mako uku. Ya dawo ya ce wai ba ka gane mutane."

Baba ya dube shi. Sannan ya kira shi da sunan tsokanar da ba wanda ya san shi sai su biyu, ya fito da shi tas, ba tuntuɓe.

"Ungo!" in ji Makanike, ya bugi cinya. "Wannan ne ba ya gane mutane? Bari ka gani. Ranar Alhamis da sassafe zan zo da mutum biyu cikin yaranmu, a sauke ka, a ɗora ka a keken guragu, a tsallaka da kai. Mene ne a ciki? Aikinsu ne fa, abin da ake biyansu su yi ke nan."

Matar ɗan tana tsaye a bakin ƙofa, ba wanda ya ji hawowarta. Ta ce, cikin ladabi, wannan magana ai sai maigidan ya dawo.

Maigidan ya dawo da yamma, ya hawo ko takalmi bai cire ba. Wannan karon ya shigo har tsakiyar ɗaki.

"Baba, me ya sa kake son ka tozarta ni? Yaran da nake ba umarni, su ne za su shigo nan su ga..." Ya kai hannu ya nuna ɗakin gaba ɗaya, sai kuma ya sauke hannun. "Gobe in tsaya gabansu a fareti da wane ido? Kuma manyan baƙi za su zo, da masu ɗaukar hoto. A zaunar da kai a gaba, yawu yana zuba, a buga a jarida? Mutuncinka nake karewa, Baba, wallahi mutuncinka."

"Mo... motata."

"Ƙarfe ne, Baba. Tsohon ƙarfe. Sau nawa tsanin nan ya maƙale da mutum a sama? Zan sa a ɗauko maka hotonta."

Washegari aka faɗa wa Makanike a bakin ƙofa cewa jikin Baba ya tashi, likita ya hana a gan shi. Wannan karon ƙofar gidan a kulle take, ta taga aka ba shi amsa.

Ranar Laraba 'yarsa ta zo daga gidan mijinta. Ita kam ta yi kuka, ta wanke masa gyambon, ta sauya zanen katifa, ta fesa turaren ɗaki har sai da ya yi tari. Ya riƙe mata hannu ya ce ta yi wa yayanta magana.

"Baba, ka san halin Yaya. In na buɗe baki yanzu sai a ce na zo raba gida. Ni kuma in na ce zan ɗauke ka, ka san gidanmu ɗaki biyu ne, ga yara, ga surukata." Ta share hawaye da gefen mayafi. "Ka yi haƙuri, komai mai wucewa ne. Ai suna ƙoƙari."

Ta bar masa lemo guda huɗu a gefen katifa. Ba ta tuna cewa mai hannu ɗaya ba ya iya ɓare lemo ba.

Alhamis ta zo. Tun da hantsi matar ɗan ta hawo da abinci, ta sha ado, ƙamshinta ya riga ta shigowa. Ta ce yau sai haƙuri, za su daɗe, kuma bayan biki shugaban ofis da baƙinsa za su shigo falo shan ruwa, don haka don Allah Baba kada a yi motsi mai ƙarfi. Ya ji ƙarar rufe ƙofar gida. Gidan ya yi tsit.

Ya ja jiki ya kama ƙarfen taga. An kafa rumfuna, an jera fararen kujeru, lasifika tana ta ƙara. Sabuwar motar ta shigo da jiniya, ja wur, tana ƙyalli. Ba laifi, mota ce. Ya ga yadda ta kafa ƙafafunta huɗu na ƙarfe da kanta, ba wanda ya murɗa komai, tsanin ya miƙe sumul ba gargada. Ya ga kujerar da ke tsakiyar layin gaba, wani mai babban tumbi ne a kai yana fifita da takarda.

Aka yi jawabai. Daga nan aka ce za a nuna wa baƙi yadda ake ceton rai. Aka tayar da hayaƙi a saman benen atisaye. Mai magana a lasifika ya ce akwai wani bawan Allah da ya maƙale a hawa na huɗu, ba ya iya tafiya, kuma mataimakin shugaba da kansa ne zai sauko da shi. Mutum-mutumi ne na buhun tamfol cike da yashi. Baba ya san shi farin sani, da hannunsa aka ɗura yashin, nauyin ƙaton namiji ne cif. Ya ga ɗansa ya fito ta tagar benen da buhun a saɓe a kafaɗa. Bai ma shiga kwandon ba, don burgewa sai ya biyo tsanin da ƙafa, taki ɗaya-ɗaya, tun daga sama har ƙasa. Ya dire buhun a kan gadon ɗaukar marasa lafiya, ya ƙame ya sara. Aka yi ta tafi, mata suna guɗa.

Can gefe kuma, ba wanda yake kallo, janwe, motar jan motoci, ta shigo da baya-baya, wasu mutum biyu suna ɗaura wa tsohuwar motar sarƙa.

Baba ya saki ƙarfen tagar. Bai yi wani dogon tunani ba. Ya ga dai ƙofar ɗakin a buɗe take, kuma ba kowa a gidan.

Daga katifa zuwa kan matakala ya yi shi da jan ciki. A nan ya tsaya yana kallon ramin da ke gabansa, matakala ashirin da biyu, a miƙe kamar tsani. Wani da zama zai yi ya riƙa zamewa da mazaunai, kuma da ya yi haka da ɓarin da ya mutu ya rinjaye shi ya gangara. Shi kuwa ɗan kwana-kwana ne. Abin da ya koya wa ɗaruruwan sababbin ma'aikata shi ya yi: ba a ba matakala baya, fuskantarta ake yi, a sauka da baya-baya, ƙafa ta laluba ta tabbatar kafin a sakar mata nauyi. Ya juya ya kwanta rub da ciki, ya tura ƙafarsa mai rai ta nemo taki na farko.

Ƙa'ida ta ce gaɓa uku su kasance a manne, ɗaya ce ke motsi. Shi gaɓa biyu gare shi. Sai ya mai da haɓarsa ta uku. Ya kafa haɓa a gefen taki, ya saki hannu ya kama na ƙasa, ya zame. Matacciyar ƙafar takan maƙale, sai ya tsaya ya sa hannu ya ciro ta kamar mai cire itace daga cikin kaya. A taki na shida haɓar ta fashe. A na tara gyambon ya gogu da bango, ya ga wuta a idonsa, ya kwanta ya jira ta wuce. A wajen na goma sha uku fitsari ya kufce masa, ya ji ɗuminsa yana bin cinyarsa mai rai, bai ko damu ba.

Daga waje ana ta kiɗa. Ya ji ƙarar janwe ta ja kayanta ta fita, ƙarar sarƙa da kukan tayoyin da suka sace. Ya san an tafi da ita, ba zai same ta ba. Abin mamaki bai tsaya ba. Ashe ba motar ce kaɗai ba. So yake ya buɗe ƙofar gidansa ya zauna a dakalin waje, ya sa tafin ƙafarsa a ƙasa, wani ya wuce ya ce masa sannu.

Rana ta karkata kafin ya kai na goma sha tara. Ya juya kai ya duba ta ƙarƙashin hammatarsa. Saura uku. Ga tayil ɗin zaure, ga takalman matar ɗansa a jere, ga haske yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Iska mai sanyi ta taɓa masa ƙafa. Ya kwantar da kai ya huta kaɗan.

Makulli ya motsa a jikin ƙofar.

Ɗan ne ya fara shigowa, yana dariya, yana magana da na bayansa. Dariyar ta tsaya. Matar ta leƙo ta kafaɗarsa ta dafe ƙirji ta ce, "Na shiga uku!" A waje ana jin muryoyin maza da ƙarar rufe ƙofofin mota.

Nan take ɗan ya juya ya tare bakin ƙofa da jikinsa. "Ranka ya daɗe, minti ɗaya don Allah, a ɗan kimtsa wurin." Ya tura ƙofar ya rufe. Ya ce wa matar a hankali, "Samo tsumma ki goge nan."

Ya zo ya durƙusa a kan uban. Bai yi faɗa ba. Ya juyo shi, ya zaunar da shi, ya kama wuyan hannunsa na dama ya ɗaga, ya cusa kafaɗa ƙarƙashin cikinsa, ya zura hannu tsakanin ƙafafunsa, ya miƙe da ƙarfin cinya, ba da baya ba. Tsaf, yadda ake koyarwa. Baba ya ji shi a sama, kansa yana reto, yana kallon tayil ɗin zaure dab da fuskarsa. Taki uku ne. Ya ɗauka ƙasa zai sauke shi, har ya buɗe baki zai sa masa albarka.

Ɗan ya juya ya fuskanci sama.

Abin da tsohon ya yi rabin yini yana saukowa, ɗan bai yi minti ɗaya ba ya haye shi. Bai dafa bango ba, bai tsaya hutawa a tsakiya ba. Ya shiga ɗakin, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya tallafi kan uban ya kwantar da shi a katifa a hankali, kamar ƙwai. Baba ya kasa kunne yana sauraron numfashinsa, irin sauraron da yakan yi wa sababbin ma'aikata bayan atisaye don ya san mai ƙarfi da rago. Ko haki yaron bai yi ba.

Wata goma sha huɗu, jama'a. Ba ciwon baya ba ne, ba tsukukun matakala ba ne, ba nauyi ba ne. A kowace safiya cikin safiyoyin nan da ɗan ya tsaya a bakin ƙofa yana duba agogo, minti ɗaya ya ishe shi. Ya iya, ya fi kowa iyawa, ɗazun nan gari guda ya tafa masa a kan buhun yashi. Bai so ba ne kawai. Baba ya gane haka sarai, kuma ya jira ya ji zafin abin, zafin bai zo ba. Wurin da zai ji shi ya riga ya mutu.

"Ka gani ko, Baba?" in ji ɗan, yana goge jinin haɓar da ya ɓata masa kafaɗar kaki. "Da ka faɗo fa? Me zan ce wa mutane? Dole a riƙa rufe ƙofar nan, don lafiyarka."

Ya fita ya ja ƙofar. Makullin ya daɗe ba a yi amfani da shi ba, sai da ya murɗa sau biyu kafin ya kama.

Daga ƙasa aka buɗe wa baƙi. Baba yana jin shigowarsu, da jan kujeru, da ƙarar kofuna a kan faranti. Ɗakinsa ne na da, ya san yadda murya ke tashi daga cikinsa. Can ya ji shugaban ofis yana tambaya, ya jikin Baba, ko za a iya hawa a gaishe shi?

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Yanzu na duba shi, ya ɗan samu ya kwanta."

"Ayya, a bar shi ya huta. Kai dai Allah ya yi maka albarka. A zamanin nan ba kowane ɗa ne zai riƙe ubansa a gida yana ɗawainiya da shi haka ba."

Falon gaba ɗaya ya amsa da amin.